Yadda Ake Koyon Zanen Fuska da Fenti Ta Hanyar Kwaikwayon Aikin Gwani

Tambayar da matasa suka fi yi mini a nan Sakkwato, musamman waɗanda hannunsu ya ɗan faɗa da fensir, ita ce ta ina ake fara zanen fuska da fenti. Da yawansu sun gwada da hoton aboki ko na wani ɗan ƙwallo, fuskar ta fito jawur ko ta dagule ta zama laka, suka jefar da burushi. Amsata kullum ɗaya ce: ka ajiye hoton waya tukuna, ka ɗauko zanen da wani gwani ya gama, ka sake yin sa tun daga farko. Shi ya riga ya yanke inda haske zai tsaya, inda inuwa za ta fara, da launin da ya dace da kowane wuri. Kai naka bin sawu ne da lura. Aina Onabolu, wanda ake kira uban zanen zamani a Najeriya, da kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa. John Singer Sargent ma, mai zane ɗan Amurka, da ya je Madrid a 1879, zama ya yi a gidan adana zane na Prado yana kwafar aikin Velazquez, tsohon gwanin zane na Sifaniya.

Maganar hukuncin zana abu mai rai ta malamai ce, garin nan kuwa bai rasa su ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je ya tambaya kafin ya kashe kuɗinsa. Nawa a nan bayanin aikin hannu ne.

1. Zaɓen zanen da za ka kwaikwaya

Kusan kowa Mona Lisa yake fara ambata. Ka ƙyale ta. Leonardo da Vinci ya gina fuskar nan da siraran shafe masu yawa, wani bisa wani, har babu inda za ka sa yatsa ka ce ga iyakar inuwa. Sabon hannu ba zai sami abin kamawa ba. Abin da kake nema shi ne fuska ɗaya, haske daga gefe ɗaya, bayan hoton babu tarkace, launuka kuma kaɗan.

Wanda nake ba masu koyo, kuma shi za mu bi a nan, shi ne zanen Juan de Pareja da Diego Velazquez, mutumin Sifaniya, ya yi a Roma a 1650. Yana gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a New York. Dalilina fata ce. Yawancin tsofaffin zanen Turai na fararen fata ne, sai mutum ya ɓata watanni yana koyon haɗa launin da ba zai yi masa amfani ba ranar da wani daga Mabera ko Runjin Sambo ya kawo masa hoton mahaifinsa. Pareja, wanda bawa ne a hannun Velazquez yana taya shi aiki kafin ya 'yanta shi, fatarsa irin tamu ce, da suma mai yawa da gashin baki da ɗan gemu. Rigarsa mai duhu ce, bayansa ruwan toka, sai faffaɗar farar kwala a wuya. Launi biyar sun ishe ka.

Idan fuskar mace kake so, akwai yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u da Johannes Vermeer na Holan ya zana wajajen 1665, mai ɗaurin ɗankwali shuɗi da rawaya. Sai dai ita za ta sa ka ƙara sayen shuɗi.

Hattara: ka zaɓi aikin wanda ya daɗe da mutuwa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, zane yana hannun mai shi da magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Fuskar gimbiya Tutu da mai zanen Najeriya Ben Enwonwu ya zana, wadda aka sayar a Landan a 2018 kan sama da fam miliyan ɗaya, tana jan ido, amma Enwonwu a 1994 ya rasu. Kada ka kwafe ta ka kai kasuwa.

2. Samo hoto mai kyau ka buga

Tun 2017 Metropolitan ta saki hotunan tsofaffin zanenta kyauta a intanet, don haka ka sauke babban hoton daga can ko daga Wikimedia Commons. Kada ka ɗauki wanda ya zagaya a Facebook, launinsa ya riga ya sauya. Idan wani zai turo maka ta WhatsApp, ya turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ya dushe.

Asalin zanen ya kai santimita 81 a tsawo, kusan 70 a faɗi, har da hannu da ƙirji. Ba ka bukatar duka. Ka yanko kai da kwala da ɗan kafaɗa, yadda faɗi zai zama kashi uku, tsawo kashi huɗu. Ka je wurin mai kwamfuta ya buga maka a santimita 15 da 20, kwafi biyu: ɗaya mai launi a takardar hoto, ɗaya fari da baƙi a takarda ta kullum. Na fari da baƙin shi ya fi arha, kuma shi za ka fi mora.

Hattara: ka tsaya a kansa yayin bugawa. Masu kwamfuta sun saba jan hoto ya cika takarda, fuska ta yi tsawo ko faɗi ba su lura ba. Ka zo da rularka ka auna kafin ka biya.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Velazquez da fentin mai ya yi aiki, amma ni akirilik nake ce wa mai koyo ya fara da shi. Da ruwa ake tsinka shi, ba ya wari, kuma idan ka yi kuskure, minti kaɗan ya bushe ka shafe wani a kai. Ga abin da za ka nema, da sunan da za ka gani a jikin tub ɗin:

Fari, Titanium White, babban tub, don shi yake fara ƙarewa. Rawaya mai kalar ƙasa, Yellow Ochre. Ja, Cadmium Red Hue ko Vermilion. Baƙi, Ivory Black. Ruwan ƙasa mai duhu, Burnt Umber. Huɗun farko su ne haɗin da aka san mai zane Anders Zorn na Suwidin da shi, kuma kusan duk launin fatar ɗan Adam yana fitowa daga cikinsu. Na biyar don shimfiɗar farko ne da inuwa.

Burushi huɗu: mai faɗin baki babba irin na masu fentin gida, inci ɗaya ko biyu, don shafe allo, masu faɗin baki lamba 10 da lamba 6, sai ƙarami mai tsini lamba 2. Bayan haka allo santimita 30 da 40, samfefa mai laushi, fensir HB, rula, tsumma, gwangwani biyu na ruwa, 'yar kwalbar fesa ruwa irin ta masu aski, farin tayil ko tsohon faranti na haɗa launi, da madubi.

Farashi yana bin dala, abin da aka saya bara ba shi ne na bana ba, amma tsarin bai canza ba. Fenti ne ke cin fiye da rabin kuɗin, burushi na biye, allo da bugun hoto ba wani abu ba ne. A cikin kamfanonin fenti, Marie's ta fi sauƙin kuɗi kuma ta isa koyo; Winsor & Newton ta fi ta kyau da tsada, ka bar ta sai hannu ya zauna. Ka fara duba shagunan littattafai da na kayan makaranta a cikin gari da babbar kasuwa. Abin da ka rasa, daga Kano ko Legas ake sa shi a mota, don haka in kuna da yawa ku haɗa saƙo ɗaya ku raba kuɗin mota.

Hattara biyu a nan. Kwalin nan mai ƙananan tub goma sha biyu yana kama da riba, alhali farin fentin da ke ciki ba zai kai ka rabin fuska ba, sauran kore da shunayya kuma su bushe a banza. Sannan mai shago zai iya miƙo maka fosta kala ta 'yan firamare ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ita ko ta bushe, ruwa na taɓa ta za ta narke, shafe na biyu ya kwashe na farko.

Wanda ya dage sai fentin mai, ya ƙara da man linsid da tafentain, waɗanda ake tsinka shi da su, ya yi aiki inda iska ke shiga. Kada ya yi dabarar sa man gyaɗa, ba ya bushewa. Tsumman da ya sha man linsid kuma a shanya shi a buɗe, domin idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu yana iya kama wuta da kansa.

4. Shirya allo

Ka je wurin 'yan katako ko kafinta, guntun filawud ko silin bod mai santsi da ya rage musu ya isa. Zai iya ce maka, "Mi za ka yi da ɗan guntun ga?" Ka ce masa, "Baba, a dai yanka mini talatin da arba'in, kusurwa ta miƙe." Ka auna da kanka. In allon ya ɓace da santimita ɗaya, layukan da za ka ja nan gaba ba za su dace da na hoton ba.

Ka goge shi da samfefa, ka share ƙura. Abin shafe na asali shi ne geso. In babu, masu zane a ƙasar nan sun daɗe suna haɗa farin fentin bango na ruwa da gam ɗin kafinta irin Top Bond, fenti ya fi yawa, gam kaɗan. Ka shafa sau uku, na farko a tsaye, na biyu a kwance, na uku a tsaye, kana barin kowanne ya bushe kana ɗan bin sa da samfefa. Ka yi wa bayan allon shafe ɗaya shi ma don kada ya lanƙwashe.

Daga nan ka tsinka Burnt Umber da ruwa sosai, ka shafe allon gaba ɗaya, ka bi da tsumma har ya zama ruwan ƙasa mai haske, ba fari ba, ba duhu ba. A kan farin allo kowane launi duhu yake yi wa ido, sai ka yi ta ƙara fari ba dalili.

Hattara: kada ka yi shimfiɗa da fentin mai na ƙofa da taga. Akirilik ba ya kama shi, ɓarewa zai yi. Fentin mai yana hawa kan akirilik, amma akirilik ba ya hawa kan mai.

5. Jan layuka da ɗora zanen

A kan hoton fari da baƙi ka ja layuka da tazarar santimita biyu da rabi. Za ka sami gida 6 a kwance, 8 a tsaye. A kan allo ka ja da tazarar santimita 5, gidajen su zama 6 da 8 su ma. Ka sa lamba a gefe da haruffa a sama, a duka biyun. Hannu ya yi sauƙi da fensir, layin da kai kaɗai za ka gani.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Idon sabon mai zane bai san ta ba tukuna, shi ya sa ake ba shi waɗannan gidaje. Kada ka fara da ido ko baki. Ka fara da ɗigo: inda suma ta tsaya a sama, inda gemu ya ƙare, inda kunci ya ratsa layi, inda kwala ta taɓa kafaɗa. Ka tambayi kanka a kowane gida, layin nan a tsakiya ya ratsa ko kusa da kusurwa? Sai ka haɗa ɗigon da miƙaƙƙun layuka gajeru. Lanƙwasa daga baya take zuwa.

Bayan zagayen kai ya zauna, ka sa layin gira, layin idanu, ƙasan hanci da tsagar baki. Pareja bai fuskanto ka gaba-gaɗi ba, ya ɗan juya, don haka ɓangaren fuskar da ya yi nisa ya fi ƙunci, idon wannan ɓangaren ma ya fi gajarta. Ƙwaƙwalwa za ta ce maka idanu biyu girmansu ɗaya. Ka ƙi ta, ka bi rula. Abu na ƙarshe, ka zagaye iyakar inuwa: gefen hanci, ramin ido, ƙarƙashin leɓe, wuya. Ka bi duk layukan da ƙaramin burushi da tsinkakken Burnt Umber, ya bushe, sannan ka goge gidajen.

Hattara: ban da biro da maka. Tawadarsu tana hudo fenti ta fito sama ko ka shafe sau nawa. Kuma in zanen bai yi kama da Pareja a wannan mataki ba, fenti ba zai gyara shi ba. Ka gyara yanzu, ko da zai ci maka yini.

6. Haske da duhu da launi ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke tsallakewa don suna ɗokin ganin launi. Ka ɓoye hoto mai launi a aljihun tebur. Fari da baƙin kawai za ka jingina kusa da allo, daidai tsayin idonka, ka fito da Burnt Umber da fari.

Ka ƙanƙance idanu ka dubi hoton har gashin gira da ƙwayar ido su ɓace. Abin da zai rage dunƙule-dunƙule ne: suma da gemu da riga sun haɗe sun zama duhu ɗaya, kwala ta zama haske ɗaya, fuska ta rabu gida biyu. Wannan za ka fara zanawa. Da burushi lamba 10 ka cike duk inda yake duhu, ba tare da ka raba suma da inuwar kunci ba in dai a hoton sun haɗe. Ka ja baya taku huɗu ko biyar. Sau da yawa tun a nan za ka ga mutumin ya leƙo, babu ido babu baki, amma shi ne. Kamanni a siffar inuwa suke zaune.

Sai ka haɗa matakai biyar a kan tayil, daga ruwan ƙasa zalla zuwa kusan fari, a jere. Kowane wuri a fuskar ka ba shi lamba a ranka kafin ka taɓa. Goshi inda haske ya sauka, na huɗu. Kunci mai haske, na uku. Gefen da ya juya, na biyu. Kwala ce kaɗai take da na biyar. Ka lura da wannan sosai: wuri mafi haske a fatar Pareja bai kai hasken kwalarsa ba. In ka ba goshi fari irin na kwala, ka mayar da shi wani mutum dabam.

Kowane shafe ka ajiye shi ka bar shi, kada ka yi ta murza burushi wuri ɗaya. In iyakar matakai biyu ta yi kaifi, ka haɗa na tsakaninsu ka ɗora a kan iyakar.

Hattara da yanayin garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, akirilik yana bushewa a bakin burushi kafin ya kai allo. Da hunturu ma haka, don iskar ba ta da laima. Ka yi aiki daga bayan asuba zuwa hantsi, ka kashe fanka, ka riƙa fesa wa tayil ruwa. Dabarar da ta fi ita ce ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ɗora takardar da masu yin kek ke shimfiɗawa a gwangwanin gashi, ka matsa fentin a kanta. In za ka tashi ka rufe da wani farantin. Mai fentin mai kuwa ƙura ce abokiyar gabarsa: ya jingina allon fuska na kallon bango, in ba haka ba hazo zai manne a fenti ɗanye, ba ya fita.

7. Haɗa launin fata

Yanzu ka fito da hoto mai launi, ka sa shi cikin farar leda mai gani-har-hanji. Za ka riƙa ɗiga abin da ka haɗa a kan ledar, daidai wurin da kake kwaikwaya, ka gani ko ya saje.

Ka ɗebi Yellow Ochre kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, ka taɓa ja da bakin burushi, ka cuɗa. Zai zama ruwan goro. Ka ƙara Burnt Umber kaɗan-kaɗan har ya kwanta ya zama ruwan ƙasa mai ɗumi. Wannan shi ne uwar launin, ka haɗa da yawa, ka raba uku. Kashi ɗaya ka bar shi yadda yake. Na biyu ka haskaka shi da fari tare da ƙarin rawaya da ɗigon ja. Na uku ka duhunta shi da Burnt Umber da ja, baƙi kuwa sai in ya zama dole, ɗan mitsitsi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haskakawa da fari zalla. Fatar sai ta yi furu-furu kamar ƙafar yaron da bai shafa mai da hunturu ba. Duk lokacin da fari ya shiga, rawaya ko ja su bi shi. Kuskure na biyu duhuntawa da baƙi zalla, wanda ke kashe fuska ta koma gawayi. Ivory Black da fari suna ba da ruwan toka mai ɗan shuɗi, da Yellow Ochre kuma suna ba da kore mai duhu. Wannan bai dace da kunci ba, amma shi ne daidai abin da kake bukata a bayan hoton da rigar, ba sai ka sayi kore ba.

Hattara: akirilik yana ƙara duhu in ya bushe. Ka ɗiga, ka jira minti biyu, sannan ka yanke hukunci. Kuma kada ka haɗa launi da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ja ko fitilar caji, da safe za ka ga abin da ba ka haɗa ba. Inuwar zaure ko kusa da tagar da rana ba ta faɗowa kai tsaye ta fi.

8. Ɗora launi, daga babba zuwa ƙarami

Bayan hoto da riga da suma su ne farko, domin launin fata ba ya bayyana gaskiyarsa sai an kewaye shi. Sannan inuwar fuska, sannan matsakaici, haske a ƙarshe. Inuwa a yi ta da siririn shafe, har ana ɗan hango ruwan ƙasan da ke ƙasa. Haske a yi shi da kauri. Kowane launi da za ka ɗora, haskensa ya yi daidai da matakin da ke ƙarƙashinsa. Kunci da hanci da leɓe sun fi jan launi, goshi ya fi rawaya, wajen gemu ya fi toka.

Ƙaramin burushi ba ya fitowa sai fuska ta rufu duka.

Ido. Farin ido ba fari ba ne. Ka ɗora farar takarda kusa da shi a hoton ka gani: ruwan toka ne mai ɗan ƙasa-ƙasa, fatar ido ta sama kuma ta jefa masa inuwa. Ka fara da ramin idon gaba ɗaya da launin inuwa, ka sa ƙwayar da duhu, wadda fatar sama ta rufe mata kai, sai layi mai kauri a sama, ƙasa kuwa kusan babu layi. Ɗigon hasken nan shi ne na ƙarshe, guda ɗaya, ƙarami, a inda Velazquez ya sa shi. Kada ka ƙirga gashin ido, shi ma bai ƙirga ba.

Hanci ba shi da layi a gefe, inuwa ce ke tsayar da shi. Ƙofofinsa ruwan ƙasa ne mai ja, ba baƙi ba. Leɓen sama ya fi na ƙasa duhu domin yana kallon ƙasa. Tsagar baki a yi ta a kakkarye, ta yi duhu a kusurwa, ta yi laushi a wani wurin.

Suma dunƙule ce. Ka duba inda ta haɗu da bayan hoto, akwai wuraren da ba za ka iya cewa ga ƙarshenta ba. Ka bar su haka, ka ja busasshen burushi a kan iyakar. Mai koyo yana son zagaye komai da layi mai kaifi, sai kai ya zama kamar an yanko shi an manna. Kwalar kuma, ka buɗe hoton a waya ka ja shi kusa, za ka ga adon bakinta 'yan shafe ne da aka yi da sauri, daga nesa ne suke zama saƙa. Yawancinta fari ne da aka karya da rawaya da toka. Fari tas bai wuce wurare kaɗan ba.

9. Duba kuskure

Bayan kowane rabin awa ka tashi ka ja baya. Ka juya wa allon baya ka dube shi ta madubi tare da hoton, idon da ya karkace ko haɓar da ta zame nan take za su nuna kansu. Ka kifa su duka biyun kai a ƙasa ka gwama. Sannan ka ɗauki allon a waya ka mayar da shi fari da baƙi, ka jera da wanda ka buga. In launi ya yi kyau amma fuskar ta yi shafal, a nan za ka ga matakin da ya ɓace.

Kada ka tambayi mutanen gida ko ya yi kyau, za su ce ma sha Allah. Ka tambayi mai zanen allon shaguna ko mai fentin bayan manyan motoci, ka ce masa, "Maigida, ina ne ya kauce?" Idonsu ya saba da awo.

Hattara: in wuri ya ƙi, kada ka yi ta tula fenti. Ka bari ya bushe, ka mayar da shi matakin ruwan ƙasa, ka sake awo daga wani abu da ka tabbata yana daidai, kamar kusurwar ido zuwa ƙasan hanci.

10. Gamawa da zagaye na biyu

Ka wanke burushi da sabulu tun fenti bai bushe a gindin gashin ba, ka shanya su a kwance. Akirilik ya kwana uku ko huɗu kafin a shafa masa banish ɗin da aka yi don zane. Fentin mai sai ya yi wata shida. Banish ɗin kafinta yana rawaya da daɗewa, ka nisance shi. A bayan allon ka rubuta "Kwaikwayon zanen Velazquez", da sunanka da kwanan wata. In za ka nuna shi ko wani ya taya, ka faɗi haka a fili.

Sannan ka sake shirya allo ka maimaita wannan zanen dai, amma da layi biyu kacal, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sauran awon ka yi da fensir a miƙe a hannu kana rufe ido ɗaya. Ka ba kanka awa uku ka tsaya ko an gama ko ba a gama ba. A na uku ka canza gwani: Metropolitan tana da zanen da Rembrandt ya yi wa kansa a 1660, ana sauke shi kyauta kamar na Pareja, kuma launuka biyar ɗin nan da suka rage maka za su yi shi.